Abin da Baba Ya Gaya wa Mai Abinci a Peckham

Ina ɗan firamare, a shekarun 1990, Baba ya kai ni wani ɗan gidan abinci mai araha a unguwar Peckham, can ƙasar Turawa. Mama tana asibiti, shi kuwa ko shayi bai iya dafawa ba. Mai wurin dattijuwa ce 'yar El Salvador, Turancinta kaɗan ne. Baba ya nuna mata wake, ya girgiza kai ga nama. Ta kawo mana pupusa, wata waina mai faɗi, tana ƙamshin gasasshiyar masara.

Loma ɗaya Baba ya yi, idanunsa suka ciko. Matar ta jawo kujera ta zauna, tana ta magana da yarenta. Shi kuma yana amsa mata da Hausa, har ya ce mata Mama ta kwana biyu ba ta farfaɗo ba. A nan na fara jin labarin.

Na ja hannun rigarsa. "Baba, kana jin yarenta ne?"

"Ko kalma ɗaya," in ji shi. "Ci abincinka kafin ya huce."

Har yau ban sani ba, ita yake gaya wa ko ni.