Sarƙar Yadi Goma

Kowace Lahadi Delmar Kosek yakan hau benen gidan hayar da kofi biyu a hannu, ya tura ƙofar Orval Pruitt da ƙafa. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ban da shi babu mai hawa benen nan.

Idon Orval ya dushe, gwiwoyinsa sun mutu. Labarinsa ɗaya ne, Delmar ma ya haddace shi.

Disambar 1971, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, saura minti ɗaya. Dole ƙungiyarsu ta matsa gaba da ƙwallo yadi goma cif, ko ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Aka danƙa wa Orval ita, ya sunkuyar da kai ya kutsa cikin ƙarti, suka danne shi a laka. Alƙali ya kasa rabewa da ido, ya kira masu sarƙar awo mai tsawon yadi goma. Suka shigo, suka ja ta. Tsinin ƙwallo ya gaza da faɗin yatsa. Kafin bazara aka sallame shi, ba a sake nemansa ba.

"Del, na kai ko ban kai ba?"

"Ka kai. Sha kofinka."

"Ji tsohon mai walda. Kai da ko kallon wasa ba ka yi, me ka sani?"

Delmar yakan ciro makullansa, ya yi ta murza wani tsohon zoben ƙarfe da ke jikinsu.

Lahadin ƙarshe a asibiti aka yi ta. Orval ya roƙe shi ya bar lallashi, ya gaya masa gaskiya ko sau ɗaya, don ba ya son tafiya da tambayar nan. Delmar ya ce bari ya samo kofi. Da ya dawo, an riga an ja mayafi an rufe fuskar Orval.

Mutum uku ne a maƙabarta: fasto, mai haƙa, da shi. Kafin a rufe akwatin ya zare zoben daga makullan, ya sa a tafin Orval, ya lanƙwasa yatsun a kai.

"Ka kai," ya ce.

A hutun rabin lokaci na wasan nan na 1971 sarƙar ta tsinke, mai riƙonta, Delmar, ya haɗe ta a gurguje da zoben nan daga jakar aikinsa, bai gaya wa kowa ba. Sai washegari Delmar ya auna ta, ya tarar yadi goma ce da zobe ɗaya.