Manomin da Ya Cinna wa Wakensa Wuta

An ce gobarar daji jarrabawa ce daga Allah, kuma babu mai musu. Sai dai a karkararmu jarrabawar takan biyo ta hannun wani bawan Allah da ya ga gafiya ta shige rami, ga shi kuma da ashana a aljihu.

To, ga misali. Wani dattijo ne manomi, gonarsa tana ƙetaren kwazazzabo. Ya girbe dawa, ya ɗaure dami saba'in da uku, ya jibge su a gona yana jiran amalanke. Abincin gidansa ke nan na shekara, baki goma sha ɗaya. Gabas da jibgin kuma ga wakensa ya bushe, bai kai ga roro ba. Wata Laraba da hantsi hayaƙi ya tashi daga gabas, iska kuwa daga can take busowa. Kafin azahar wuta ta cinye filin kiwo ta doso gonaki. Wani ya buga wa 'yan kwana-kwana waya. Dattijon bai sa rai ba, don ra'ayinsa game da su sananne ne: mutane ne masu zuwa da jiniya su yi wa toka jaje.

Sai ga su sun zo da wuri, har da ruwa a mota, abin da ya ɗan dagula masa ra'ayi. Amma motar ta tsaya a bakin kwazazzabo, tunda ba a ƙera ta da fuffuke ba, mesar kuma ta ƙare da sauran tafiya. Ko da ta kai, tanki ɗaya a gaban wutar da ta cika gabas kamar tofa yawu ne a murhu. Mutum biyar suka sauko cikin riguna masu nauyi, rana tsaka, suka ƙetare da fartanya da adda, suka sassari ɗanyun rassan darbejiya. Wutar daji ba ta zama wuri ɗaya ta jira ka. Ka buge ta nan, ta ɓullo bayanka. Tartsatsi ya haye kanka ya sauka a kara. Hayaƙi ya rufe maka ido, macizan da ta koro kuma su ma suna neman hanya, sau da yawa ta tsakanin ƙafafunka.

Babbansu, wani siriri mai furfura a gemu, ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga inda iska ta kai ta. Ya sa aka kankare ciyawa da kara, aka bar fili tsirara mai faɗin taki biyar tsakanin dawa da wake. Sannan ya miƙa wa dattijon ashana.

"Baba, cinna wa waken nan wuta, daga nan bakin fili."

"Ni na ɗauka kashe wuta kuka zo yi."

"Shi muke yi. In ta tarar da abinci a nan, tsayin mutum biyu za ta yi, ta tsallake filin. In ta tarar an riga ta cinyewa, nan za ta mutu."

"To ku cinna mana, yaro. Ba aikinku ba ne?"

"A'a, Baba. Mun taɓa cinnawa da hannunmu a wani ƙauye. Hatsi ya tsira, mu kuma muka yi wata uku muna gaida alƙali. Mai gona ke kunnawa."

Dattijon ya dubi wake, ya dubi dawa. Shi ya shuka waken nan ƙwaya-ƙwaya, shi ya yi masa noma biyu da ciwon baya, kuma harawarsa ce abincin tumaki har damina. Ya durƙusa. Iska ta kashe ashanar farko, ya ɗan ji sanyi a ransa. Ta biyu ta kama. Maƙwabta da ke tsaye kan tudu suka ga mutum yana ƙona gonarsa da hannunsa, ɗayansu ya ce tsoro ya taɓa wa tsoho kai.

Ƙaramar wutar ta riƙa rarrafe tana fuskantar iska, mutum biyar ɗin nan suna bin bakinta da rassa, duk inda ta so juyowa wajen dawa su doke ta. Wake yana fashewa ɗaya-ɗaya. Da babbar wutar ta iso da rurinta, ba ta tarar da komai ba sai baƙar ƙasa. Ta yi tsalle sau biyu, ta lafa, ta zama hayaƙi. Dami saba'in da uku suna nan, ko zangarniya ɗaya ba ta babbake ba.

Ya je ya kama hannun babban nasu zai yi godiya, sai ya ga tafin duk bororo ne. Ya riƙe shi a hankali, ya ce, "Allah ya yi muku albarka," ya maimaita har sau uku. Ya ce su ɗauki dami biyar, suka ce ruwan sha ya ishe su. Daga ranar, duk wanda ya zagi 'yan kwana-kwana a gabansa yakan ce, "Ai kuwa ba su da laifi," wanda a bakinsa kirari ne.

Shi kuwa maƙwabcin da ya ce tsoho ya taɓu, shi ma an miƙa masa ashana a gonarsa ya ƙi karɓa, wuta ta cinye hatsinsa. Ya tsira da hankalinsa cif, da dami goma da dattijon ya aika masa.

Kowa ya ƙona rumbunsa, ya san inda toka ke tsada.