Sai Michael Ya Zo

Monica ta sake ɗaga kwanon kunun, Mama Rifkatu ta sake ture shi da bayan hannu.

Tun farkon mako suke wannan ja-in-jar. Likitocin ido sun sauka a Zuru, sun duba tsohuwar, sun ce na hagu ya riga ya tafi, amma na dama yanar ido ce kawai ta rufe shi, za a iya cire ta. Yau ce ranarsu ta ƙarshe a garin. In aka wuce yau, sai kuma baɗi, likita kuwa bai yi alkawarin idon zai jira baɗi ba. Ya ƙara da cewa jininta yana hawa, kada a bari komai ya tayar mata da hankali.

Mama dai maganarta ɗaya ce. "Ba mai sa mani wuƙa a ido sai Michael ya zo. Shi zai kai ni, a kan babur ɗinsa."

Michael ɗanta ne na fari, yayan Monica, yana aiki a Abuja. Tun yana ƙarami ƙafarsa ba ta zama, da ya girma sai ya saya wa ƙafar babur. Ba irin na 'yan acaba ba ne. Dogo ne, mai ƙaton tanki da akwatunan ƙarfe hagu da dama, irin wanda ake ƙetare ƙasashe da shi. Ya je Kwatano a kansa, ya je Accra, shi da matarsa Gladys, in ya gaji ta karɓa. Zuru ce kawai yake zuwa shi kaɗai, don Gladys da yara mota suke biyowa lokacin Kirsimeti. Maƙwabta sun daɗe suna yi masa dariya. Mutum ya taso tun daga Abuja kamar iska, amma da ya iso gindin ɗorawar bakin gida sai ya kashe inji ya sauka, ya turo wannan ƙaton abu da hannu yana haki.

Monica ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ita ce girki, ita ce wanki, ita ce kuma mai gadin ƙofa. Shekaranjiya Fasto ya zo, ta tare shi a waje suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya juya. Jiya matan zumunta suka zo su da yawa, ta mayar da su tun daga bakin hanya. Wayarta kuwa ta daina amsa ta a cikin gida, sai bayan rumbu. Idanunta sun kumbura, ta ce wa Mama hayaƙin ɗanyen icce ne.

Jiyan da yamma ta buga waya Abuja. Ta daɗe a bayan rumbu. Da ta dawo ta ce, "Mama, babur na tafe gobe."

An yi ruwa da safe. Monica ta san hanyar nan, daga Tegina zuwa Kontagora, daga Kontagora zuwa Rijau, ramuka da taɓo da shingayen sojoji, ga fargabar mutanen daji. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Aka aiko daga asibiti cewa likitoci sun fara haɗa kaya. Mama na zaune a kujerarta, ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta karkata kunne wajen hanya.

Sai ga ƙarar nan mai kauri da duk unguwar ta sani.

Babur ya kwano da laka har saman tanki. Ya wuce ɗorawa yana ruri, ya shigo tsakar gida, ya tsaya daf da ƙafafun Mama yana tangaɗi. Ƙafa ɗaya ta sauko, da ƙyar kan takalmi ya taɓa ƙasa. Monica ta yi saurin riƙe akwatin gefe har abin ya daidaita.

Ga baƙar rigar fatar Michael, ga hular kwanonsa mai baƙin gilashi, a rufe. Wani dattijo ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Kai, Abuja ta tsotse yaron nan. Riga har ta yi mashi yawa."

"Mi ya hana shi gaishe ni?" in ji Mama.

"Ruwa ya dake shi a hanya, murya ta shaƙe," in ji Monica. "Mama, lokaci. Ku gaisa a can."

Hannu mai safa ya miƙo. Mama ta kama shi, ta riƙe, ta ɗan jima ba ta saki ba. Daga nan ta ce a ba ta kunun. Ta shanye tas. Monica ta juya baya ta goge fuska da gefen zane, ita da dattijon suka ɗaga tsohuwar suka ɗora ta a baya, suka zagaya hannuwanta a ƙugun rigar fatar.

Babur ya juya a hankali. Da suka zo daidai ɗorawa, Mama ta ɗan bubbuga kafaɗar da ke gabanta, aka taka birki. Ta juya fuska wajen tudun siminti da ke gindin bishiyar, wanda ba ta iya gani.

"Nan ubansa yake kwance," ta ce. "Ɗana bai taɓa wuce shi da inji a kunne ba, ko sau ɗaya."

Kafaɗun da ke cikin rigar suka fara rawa. Mama ta ƙara matse hannuwanta, ta kwantar da kumatunta a kan fatar.

"Ja mu tafi, Gladys, 'yata. A buɗe mani idon nan in ga fuskarsa kafin ku binne shi."