Ruwan da Ake Ganin Kifi

Yau ba a shimfiɗa masa tabarma a zaure ba. Mu'awiya ya lura, amma bai kawo komai a ransa ba, don tun daga Kebbe ya tuƙo babur zuwa Tambuwal, gidan su Nasiha da yake nema, da maganar turo magabatansa a baki.

Nasiha ta fito riƙe da waya, ta matso kusa da shi yadda ba ta taɓa yi ba.

"Kai da ka tashi bakin gulbi, ka san ruwa. Duba min wanga."

Bidiyo biyu ta nuna masa. Mutane ne kife a saman teku, gilashi a ido, bututun numfashi a baki, suna kallon kifaye masu launi. Ɗaya tsibirin Zanzibar, ɗaya Maldives.

Ya washe baki don murna. Ya ɗauka mafarkin yawon amarcinsu take yi. Sau uku yana maimaita kallon.

"Na biyun ya fi. Dubi inuwar kifin har kan rairayi. Na farkon igiyar ruwa ta tada yashi, ba a ganin nesa." Ya sassauta murya. "Ni zan koya miki ninƙaya, in sha Allahu."

"Yawwa."

Ta kai wayar bakinta, ta danna saƙon murya. "Sirajo, angona, na zaɓa. Maldives za mu bayan biki."

Mu'awiya ya ɗago kai. "Biki? Nasiha, to ni fa?"

Ta dube shi daga ƙurar takalminsa har hula.

"Ka koma gulbinku, Malam. Ruwan da ko hannunka ba ka gani ciki, mi za ka nuna min?"