Sulhu a Kan Teburin Sidonie

"Da Turawa sun san wannan wasa nawa, da ba a zubar da ɗigon jini a Kamaru ba," in ji Mesiye Alphonse, tsohon malamin tarihi a Garwa.

Ya zana taswirar arewacin Kamaru da fenti a kan teburin Sidonie mai gasa kifi, wanda ba ta da wani sai shi. Marafan kwalabe ne sojoji. Cikin masu cin kifi, Ulrich ya riƙe Jamus, Abdelkerim ya riƙe Faransa.

Kafin la'asar Faransa ta haye kogin Binuwai.

"Ɓarawo! Da gwiwar hannu ka turo su!" in ji Ulrich, ya fasa masa kwalba a goshi. Abdelkerim ya rama da benci. Haƙoran Jamus biyu suka faɗa cikin yaji.

Sidonie ta kwanta bisa teburin. "Ku kashe junanku, amma ku bar min abin sana'ata!"

Da suka gaji, jini har kan gawayi, amma teburin ko ƙwarzane babu. Ta gode wa Allah.

Alphonse ya fito daga bayan ganga, ya kira taron sulhu. Minti goma aka daidaita, aka rungumi juna: kowace daula ta tafi gida da rabonta na taswirar. Sai ga kafinta da zarto.

"Mesiye, teburina ne fa."

"Madam, ɗan matsa. An riga an sa hannu."

Washegari Sidonie ta shimfiɗa buhu a ƙasa, ta jera kifinta.