Masu Tafkin Sun Dawo

"Maigida, fito ka ga ikon Allah!" in ji matata, tsintsiya a hannu amma ta kasa shara.

'Ya'yan kififiya ne, sun fi talatin, kowanne bai wuce marfin kwalba ba. A tulin yashin magina aka ƙyanƙyashe su. Suka biyo ta ƙarƙashin get, suka ratsa tsakar gida a jere, har cikin falonmu. A tsakiyar tayil suka tsaya cak, suna ɗaga kai.

Maƙwabta suka cika gidan. Wani ya ce a kwashe su a watsa a kwata.

Surukina, wanda ya yi noma a nan kafin a yanka filaye, ya daɗe yana kallonsu.

"Ɗana, ba ɓata suka yi ba. Nan ne tsakiyar tafkin. Ba su taɓa ganinsa ba, amma sun san wurin."

Ni na tuƙa tifar da ta cike tafkin nan, sawu arba'in.

"Kada wanda ya taɓa su," na ce.

Na tsaya a ƙofar falona, na tuɓe takalmi, na yi sallama.