Ƙofar Kwali a Ɗakin Garga

Karo na huɗu ke nan ƙofar tana cijewa a daidai tsakiya. Garga ya tura ta hagu, ya tura ta dama, ta tsaya inda take.

Haɗa kwali ne sana'arsa. Shekara da shekaru yana yanka wa telolin unguwar Briqueterie akwatunan da suke jera manyan riguna a ciki, ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba. Sai dai akwati zama yake yi wuri guda. Ita ƙofa dole ta je ta dawo.

Sharaɗin na Haman ne, yayan Afra'u. Ƙanwarsa ba za ta zauna a ɗakin Garga ba sai an raba shi biyu, an sa ƙofar da ake kullewa daga ɓangarenta. Liman ya ce da gaskiyarsa. In aka yi la'asar ranar Juma'a aikin bai kammala ba, Haman zai sa ta a jirgin ƙasa sai garin Ngaoundéré, magana ta ƙare. Ita tana unguwar Nkomkana gidan goggonta tana jira. Yau ce Juma'ar.

Ɗakin taku shida ne a tsawo, biyar a faɗi. Ƙofa mai buɗewa za ta cinye rabin fili, don haka sai mai zamewa. Mai gidan haya ya hana a buga ƙusa a bangonsa, bangon da ruwan sama ya riga ya yi wa abin da ƙusa ba za ta iya ba. Katako kuwa Garga ya taya sau ɗaya, bai sake ba.

Sai kwalin firiji. Mai sayarwa a kasuwar Mokolo ya dube shi sama da ƙasa.

"Har guda huɗu? Ango ne, ko asibiti za ka buɗe?"

"Zaɓo mini masu kauri," in ji Garga.

Ya manna falle uku-uku da gam, jijiyar wannan a tsaye, ta wancan a kwance, don kada bangon ya lanƙwashe. Inda falle ya haɗu da falle ya yanka harshe a ɗaya, tsaga a ɗayan, ya cusa. Ginshiƙan ya naɗe su kamar tabarma, ya bar su sun ɗara tsayin ɗakin da yatsa guda, ya danna su tsakanin siminti da silin har suka kama. Bango ya tsaya ba ƙusa. A damshin Yaoundé irin wannan aikin wata uku yake yi, in an lallaɓa shi. Garga ya san haka, bai kuma dame shi ba.

Ƙofar ce ta ƙi. Ya shafa sabulu a kwarin da take bi, kwali ya sha ya kumbura. Ya goga kyandir, ta je ta dawo sau biyu, ta koma halinta. Aka kira sallar Juma'a, ya je ya dawo, da za a tambaye shi abin da huɗuba ta ƙunsa da ya ji kunya.

Da ya kwanta rub da ciki ya sa ido a ƙasa, sai ya ga kwali ba shi da laifi. Daɓen ne ya karkata. Duk ƙofar da ta taka wannan ƙasa sai ta gurgunce. To, kada ta taka.

Ya samo bututun roba irin na wayar lantarki, ya gitta shi a tsakanin ginshiƙan. Ya yanka tsohuwar jarka ya fitar da zobba uku, ya zura su a bututun, ya rataye ƙofar. A ƙasa ya bar mata ɗan tsagi don kada ta yi lilo. Mariƙin ya sa shi ƙasa-ƙasa ta hagu, saboda wuyan hannun Afra'u na dama ba ya son ja tun da ta zame a bakin famfo. Sakata kuma guntun muciya ce, ta ciki.

Taga ta faɗa ɓangarenta, haka katifa, haka tukwane. Shi ya samu tabarma da ƙofar waje.

Ana idar da la'asar Haman da Afra'u suka iso. Haman ya amsa sallama a taƙaice, ya sa kafaɗa ya gwada bangon.

"C'est ça? Shi ke nan ginin?"

"Shi ne, Yaya."

"Bar ce mini Yaya."

"Tura ka gani."

Haman ya tura da yatsa ɗaya. Ƙofar ta zame har ƙarshe ba ƙara. Ya dawo da ita, ya sake, ya sake, yana neman aibi kamar mai tayin rago. Ya shiga ya sa sakata, ya ce Garga ya ja daga waje. Garga ya ja, ba ta buɗe ba.

"Labule ma ya fi wannan mutunci," in ji Haman da ya fito.

"Labule iska na ɗaga shi."

Haman ya dubi agogonsa, ya dubi ƙanwarsa. "To. Ta zauna."

Nasara ke nan, kuma Garga bai saba da ita ba. Ya ja baya ya ba da hanya.

Afra'u ta shige da jakarta, ba ta tambayi inda ake ajiye komai ba. Hannunta na hagu ya samu mariƙin ba tare da ta duba ba.

"Sannu da aiki, Garga," ta ce. Ta ja ƙofar, ta sa sakata.

Ya tsaya a wurin yana jin sunansa. Shekara goma sha ɗaya suna aure bai taɓa jin sa a bakinta ba, amma tun ranar Talata saki na uku ya fita daga nasa bakin, kuma abin da ya rage tsakaninsu yanzu shi ne iddar da za ta yi a bayan wannan ƙofa.